Zanen Alli a Allon Aji Uku

Ranar Laraba bayan la'asar
muka cika aji uku na firamaren Auyo,
manya a kan bencin yara,
gwiwa na gaisawa da haɓa.

Iro magini ya ɗauki alli,
ya ja layi huɗu, ya ce:
"Ga bango. Ga ƙofar gabas.
Ga rufin da ba ya yoyo."
Na duba, akwati kawai na gani.
Sai da ya ce, "Nan ne layin daddawa,"
sannan na ga kasuwa.

Ni Tabawa, shekara ashirin da uku
ina baza tabarma a gindin darbejiya.
Na san abin da ruwan Agusta ke yi wa kuka,
ya kaɗa ta miya tun ba a saya ba.
Na san gudu da faranti a ka
in hadari ya haɗo ta Haɗeja,
ciniki rabi, canjina a hannun wani.

Cindo mai tumatir ya miƙe:
"Bara kwando arba'in na zuba wa awaki.
Dillali ya taya, ya koma mota ya zauna,
rana ce ke ƙarasa masa ciniki."

Barau ya ce a bar tagogi can sama,
albasa ba ta son ɗaki mai riƙe numfashi.
Masu kifi suka nemi kusa da famfo.
Lantana ta ce in haka ne
a kai ƙwaryarta can ƙurya,
kindirmo yana da hanci, yana jin maƙwabci.
Aka yi dariya.
Iro ya goge da hannun riga, ya sake ja.

Sai maganar mabuɗi.
Aji ya yi tsit.
Kowa ya tuna injin ban-ruwan ƙungiya
da ya je kwana ɗaya gidan wani,
yau damina huɗu.
Muka yanke: kwaɗo uku, mabuɗi uku,
ɗaya na mata.
Ban ɗaga kai ba, amma na ji idanu a kaina.

Mudu guda daga kowane buhu in kaka ta yi,
bulo daga masu shinkafa,
yashi kuwa kogi bai taɓa yi mana rowa ba.
Kwanon rufi ne ya gagara.
Iro ya rubuta shi a gefe,
ya bar gabansa fili.

Da aka kira magariba
hedimasta ya ce kada a goge.

Washegari jikana ya dawo da farin yatsa.
Wai an sa su ƙirga rumfuna,
talatin da biyu,
ya nemo tawa, ta uku daga ƙofa,
ya dangwala mata hannu
kada wani ya riga ni.