Inda Babana Bai Kai Ba

Shekara talatin da ɗaya babana yana hawan Rinjani,
gora a kafaɗa, kwando gaba, kwando baya:
shinkafa, ƙwai, tanti, tukunyar gas, abarba.
Silifa ce takalminsa.
Amaq Senim ake ce masa, wato uban Senim, ni ke nan,
kuma kantar kafaɗarsa ta girme ni da shekara biyar.

Sai bara, da gwiwa ta zaunar da shi a Sembalun,
muna ɓarar tafarnuwa a kan tabarma,
na ce, Baba, wai yaya ƙololuwar take?
Ya ce, tambayi baƙi.
Ɗan dako iyakarsa bakin rami.
Nan muke kafa tanti, mu tashe su ƙarfe biyun dare,
su wuce da tocila a goshi,
mu kuma mu soya ayaba kafin su sauko.

Shi ya sa na biya kuɗin shiga a ƙofar gandu
kamar wadda ta zo daga wata ƙasa.
Ma'aikacin ya duba takarda, ya dube ni,
ya ce, ke ba 'yar wane ba ce?
Na ce, ita ce. Buga hatimi.

Ciyawa ta kai ƙugu, rana ta kai wuya.
Tudu ya ƙare, wani tudu ya ce ga ni.
Jumahir, yaron da babana ya koya wa ɗaurin kwando,
ya wuce ni da kayan mutum huɗu yana fito,
ni da 'yar jaka ɗaya ina lissafin numfashi.
A zango biri ya fizge mini biskit,
ya zauna nesa kaɗan, ya ci a gabana.

Dare ya raba. Sanyi ya sami ƙashi.
Hanyar ƙarshe toka ce da tsakuwa,
taku uku, dutse ya karɓe biyu,
bai ce bashi ba ne, bai ce kyauta ba.
Hagu rami, dama rami,
iska tana jan mayafina kamar mai tambayar izini.
Na zauna sau tara. Na ƙirga.
A na bakwai na yi kuka, toka ta shanye,
a na tara na ce, to, Baba, ashe gara suyar ayaba.

Sai ga shi babu sauran sama da za a taka.
Wurin bai fi ɗakin girkinmu ba.
Gabas ta tsage ja,
inuwar dutsen ta miƙe ta kwanta har kan teku,
ƙasa can tafkin Segara Anak shuɗi kamar an rina,
a gefensa ƙaramin dutse yana hayaƙi shi kaɗai,
jaririn wuta, ana jin warin farar wutarsa in iska ta juyo.
Na nemi Sembalun. Gajimare ya rufe.
Amma na hango zango, tantuna kamar ƙwayar barkono,
da wani siririn hayaƙi a tsakaninsu:
wani uban yana ɗora shayi.

Doka ta hana ɗaukar ko tsakuwa daga gandu.
Ban ɗauka ba.
Takalmina ne ya yi sata, bai shawarce ni ba.
Na zazzage shi a gaban babana,
toka cikin tafin hannu, baƙa, mai laushi.
Ya murza, ya sunsuna, ya daɗe bai ce komai ba.

Na soma ba shi labarin inuwa da teku,
ya ɗaga hannu.
Ya ce, da kika sauko zango,
shayin da Jumahir ya miƙo miki,
da zafinsa?

Na ce, har ya ƙona mini harshe.
Ya ce, madalla. Yaron ya koya.