Duna a Gindin Dogonyaro

Warinsa ne ya fara yi mana sallama,
bodari, mai farin zane a gadon baya.
Mai Wurno ta yi tsit daren nan na Talata,
sai injin ban-ruwa ke tari can bakin Nilu.

Ƙwai bakwai ya fasa a akurkin Jummala
kafin Duna ya rutsa shi bayan randa.
Ban ga faɗan ba. Na dai ga karena da asuba,
yana ɗoyi, da ɗigon jini a kunnen dama.

Ɗoyi ai mai sauƙi ne, toka ta san maganinsa.
Na cusa fasasshen bulo a ramin katanga,
na daina barin ƙanzo a waje ya kwana.
Amma Nafi'u ya riga ya rungumi karensa,
Duna ya lashe masa gyambon da ke gwiwa.

Sabulu guda muka ƙarar a kan ƙafar nan.
Motar farko ta kai mu asibitin Sinnar,
yaro ya sha allura, ya ƙi yi mini magana.
Likita ya ce a ɗaure kare, a sa masa ido.

Ga shi nan a gindin dogonyaro da igiya.
Kullum da sanda nake tura masa kasko,
ni da na raine shi da madarar akuya.
Ina leƙen bakinsa ko zan ga kumfa,
shi kuwa yana kaɗa mini wutsiya.

Yau ma ya sha ruwa, har ya lashe kaskon.
Ban taɓa jin daɗin ƙarar harshe a ruwa ba
sai bana.