Sarewa Biyu a Drumshanbo

Kwana tara ruwa na zuba kan tafkin Allen,
Na shimfiɗa tsohon tawul bisa teburin kicin,
Na jera gādon da ba a auna shi da mudu:
Ɗaya baƙa, ɗaya ruwan zuma, duka sarewa.

Baƙar ta kakana ce, Malachy Gilhooly,
Mai haƙar kwal a ramukan Arigna.
Ƙura ta cika masa ƙirji tun yana saurayi,
Sai ya zaɓi icen da ke neman iska mai yawa,
Wai kada huhu ya saba da sakewa.

Muryarta kauri gare ta, ba ta san rarrashi ba.
Toshe ramukan nan shida, ka hura ƙasa,
Kofunan shayi a kanta su ɗauki rawa,
Kare ya ɗaga kunne, ya fasa miƙewa.

Ba ta da yawan buƙata, halin mai ita.
Man almon kaɗan a bakin gashin dinya,
Sau ɗaya a wata, ta sha ta yi ƙyalli.
Sai dai an sa mata ƙarfe cikin maƙogwaro,
Ice na tsukewa, ƙarfe ba ya matsawa.
Hunturun da muka binne shi, wani ya manta ta gefen murhu,
Da asuba muka ji ƙas! Sai tsagewa.

Ɗayar ta Attracta Mulvey ce, tela,
Maƙwabciyarmu ta bayan katangar duwatsu.
Ba ta taɓa busa a gidan giya ba ko sau ɗaya,
Sai bayan an kwashe kwanuka, fitila na dushewa.

Wannan kam 'yar lele ce, akwai shagwaɓa.
Ɗumama ta a hammata kafin ki sa baki,
In kin gama, zura ƙyalle ki tsane gumin ciki.
Damina ta kumbura, ɗakin zafi ta rame,
Shekaru sun lanƙwasa ta kamar bayan tsohuwa,
Kuma ba a miƙe ta, sai dai karyewa.

Amma ji muryar!
Siririya, da ɗan yashi a gefenta,
Kamar mai ba da labari kusa da jariri.
Baƙar tana kiran ƙafa ta daki daɓe,
Wannan tana zaunar da mai shirin wucewa.

Wani dillali ya zo daga Galway ran Talata,
Ya leƙa cikinsu da 'yar tocila, ya shinshina,
Ya ce baƙar ta fi kuɗi ko da tabonta,
Ta zumar kuwa ado ce, a rataye a bango.
Na zuba masa shayi. Ban ce komai ba.
Me sikeli ya sani game da daɗewa?

Daren nan na kwance gaɓar baƙar don in sake zare,
Na ɓare na sama, mai datti da kakin zuma,
Sai ga jan siliki a ƙasa, naɗi a kan naɗi,
Ƙulli irin na mai ɗinkin rigar amare.
Na buɗe ta zumar hannuna na rawa:
Zare ɗaya, ƙulli ɗaya, ba bambancewa.

Ashe shekara talatin muna yabon juriyarta,
Muna cewa baƙa ba ta neman kowa,
Alhali wata ce ke tsallake katanga,
Ta naɗe, ta shafe, ta mayar ba a gani ba.

Yanzu akwati ɗaya na sa su, da jiƙaƙƙen soso,
Mai tabo a dama, mai doro a hagu.
Gobe zan fara da ta zumar, minti goma kacal,
Icen da ya daɗe shiru ba a yi masa gaggawa.