Gidan Harsashi

Da hantsi Nomau ya sauko daga danfo,
bindiga a buhun shinkafa, takardar izini a aljihu.
Rumfata tana bakin layin dogo a Agege,
inda jirgi in ya wuce basilla ke rawa a faifai.

Kafin gaisuwa ta yi nisa ya karya ta biyu,
ya ɗaga bakin sama, na ga hasken rana ta ciki.
Babu komai, in ji shi. Na ce to, yanzu ma yi magana.

Matsalar a gindinta take,
inda aka ɗinke fata, ɗaki biyar a jere,
kowane harsashi da nasa.
Laimar Legas ba ta barin abu yadda ta same shi.
Fatar ta saki kamar bakin tsohuwar safa,
ɗaki na uku har tofar da baƙonsa yake yi.
Shekaranjiya ɗaya ya faɗa tafkin kifin da yake gadi a Epe,
tarwaɗa ta zo ta sunsuna, ta wuce.

Na kwance kusoshi biyu, tsatsa ta ci kawunansu.
Na kankare koren da tagulla ta bari,
na shafa man kaɗanya kaɗan, don in ya yi yawa santsi ne.
Na ja zare cikin kaki,
na matse ɗakunan ɗaya bayan ɗaya,
ina gwadawa da kwankon da aka riga aka harba.
Na kife ta, na girgiza. Ko motsi.
Raina ya yi fari, har na soma lissafin kuɗi.

Ya karɓa, ya sa babban yatsa da manuni.
Ya ja. Ya sake ja.
Jijiyar bayan hannunsa ta miƙe, kwanko yana nan daram.
Can wata mai agwado tana kiran ciniki,
mu biyu muka yi kamar ita muke saurare.

Arzika, in ji shi, ka ɗinka wa Nomau na shekara talatin baya.
Wancan ya tafi.

Ashe ba laima kaɗai ba ce.
Fatar tana sakin jiki ne daidai da mai ita,
shekara kan shekara, ba wanda ya sa ta.

Na ɗauki aska na farke aikina.
Wannan karon ban auna kwanko ba,
hannunsa na riƙe, mai sanyi, mai ƙanshin kifi,
ya ja, na sassauta, ya ja, na ƙara rabin ɗinki,
har abin ya riƙe ba tare da ya yi gardama ba.

Ya biya ni ladan ɗinki ɗaya.
Jirgin la'asar ya wuce,
basilla ta yi rawarta, ta kwanta.