Baƙar Tukunya

Na saye ta a hannun Lawali da ya dawo daga Agadas,
jika ɗari da ashirin, adashen wata tara,
da igiyar wuya mai warin gumin wani
da ɗan littafi cikin harshen da ban iya ba.
Inna ta ɗaga ta, ta juya, ta leƙa gilashin,
ta ce, "Wannan baƙar tukunya, me ake dafawa a ciki?"

Ranar farko na hau duwatsun bayan Birni
da tsakar rana, ina ji da kaina.
Na danna, na danna, tana ta tari ƙas-ƙas.
Na sauko da hoto saba'in da uku,
kowanne fari fat kamar nono a ƙwarya.
Garin da na sani tun ina goye
ya narke mini a tafin hannu.

Ran Alhamis na murɗa ɗan kewayen nan baya,
sai duhu ya haɗiye kasuwar Dole,
masu tabarma, masu kilishi, mai tallan gishirin Bilma,
duk suka koma inuwa cikin inuwa.
Wani ɗan kabu-kabu ya gifta,
ya fito a shafe, kamar an ja tawada da yatsa.

Malam Tanimu, wanda wayar hannu ta rufe wa shago,
labulensa mai zanen jirgin sama
yanzu shi ne inuwar awakinsa,
ya karɓe ta da hannu biyu kamar jinjiri.
Ya ce, "Abu uku ne, Barira.
Faɗin ƙofa, da saurin ƙiftawa,
da yadda idonta ke jin zafin haske.
In kin ƙara wa ɗaya, ki rage wa ɗan'uwansa,
kamar gishiri da kanwa."
Ya yi shiru, ya kori akuya daga buhun dusa.
"Haske kuma ruwan famfon Damagaram ne.
Da asuba yake zuwa, siriri.
Mai barci ba ya cika tulu."

Na fara tashi kafin ƴan garuwa.
Na koyi manna gwiwar hannu a haƙarƙari,
in riƙe numfashi kamar mai zura zare a allura.
A majema fatu suka ba ni ja irin nasu,
bayan na goge arba'in da suka fito ruwan ƙasa.
Wani dattijo ya sa tafi ya tare fuskarsa,
ya ce, "Ko sallama babu, sai ɗauka?"
Kunya ta rako ni har gida.
Tun ranar nake gaisuwa, in tambayi iyali,
in zauna har a manta da abin da ke wuyana.

Wata Talata ruwa ya zo da kiran sallah na biyu.
Inna ta duƙa tana tara tulu,
haske ya gangaro ta kan katanga
ya tsaya mata a kafaɗa.
Na buɗe ƙofar har ƙarshe, na nufi fuskarta,
numfashina ya ƙwace.
Fuskar ta fito hazo-hazo.
Hannun ne ya fito tas:
tabon man ƙosai, jijiya uku,
tsohon lalle a bakin farce,
ɗigon ruwa ɗaya da bai gama faɗuwa ba.

Malam Tanimu ya ce na kuskure saiti.
Gaskiya ya faɗa.
Na kai yatsa zan goge,
Inna ta riƙe ni, ta matso da allon kusa da idonta.
Ta daɗe.
Ta ce, "Ina kika samo hannun tsohuwata?"

Tulun ya cika yana zuba,
ba wadda ta tashi ta kashe famfon.