Bakin Aro

Idon Baffa Manu ya rufe bara,
hakiya ta ja masa ƙyaure ta tafi da mabuɗi.
Sai ya ari idona, ya haɗa da bakina.
Kullum bayan la'asar, a nan Jekadafari,
shi a tabarma, ni a kujera 'yar tsugunno,
dalbejiya tana yi mana fifita.

Littafin ya girme ni.
Bangonsa ya sha salatif, gara ta ɗanɗana gefe,
ga hatimin makarantar da ya koyar a Kumo,
ga jan biro ƙarƙashin layukan da ya ƙaunata.
Ya ce, "Hajjo, shekara ashirin da shida na koyar da shi,
ban taɓa jin sa a bakin wani ba."

Wani mai fito ne ke ba da labarin kansa.
Kai, Hausa ta yi wanka a wannan littafi!
In ya kwatanta kogi da asuba
sai in ji sanyi ya kama mini ƙafa,
Gombe kuwa ana narkewa.
Jimlarsa kamar man shanu a kan tuwo mai zafi,
ba ka san sa'ad da ta wuce maƙogwaro ba.
Na so mutumin nan. Ba zan ɓoye ba.
Na yi dariya duk inda ya ɗana mini dariya.

Ranar Talata muka kai tsakiyar ruwa,
shi da yaron da ke riƙe masa gora,
yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba.
A littafin ba a ce "ya tura shi" ba.
"Na" aka rubuta.
Ni kuwa ke karatu.
Da harshen da na yi wa ɗana addu'a da safe,
da shi na danne kan ɗan wani cikin ruwa,
kuma kalmomin sai ƙamshi suke,
ko tuntuɓe ɗaya babu, balle in samu wurin tsayawa.

A daren ban ci abinci ba.
Ɗana Bappayo ya nemi ruwan wanka,
na tsaya ina kallon bokiti
har ya ce, "Umma, lafiya?"

Washegari na yi dabara,
na haɗa shafi biyu na juya.
Baffa ya ɗaga hannu: "Kin yi tsallake."
Ya karanto wurin da ka, har waƙafi,
muryarsa tana rawa, ban san ko daɗi ba ne ko kunya.
Na ce, "Baffa, wannan zuma ce da reza a ciki."
Ya ce, "Marubucin ya san da rezar, shi ya sa ta."
Na ce, "To me ya sa ka ja layi a ƙarƙashin zumar kaɗai?"

Shiru. Wata Keke Napep ta wuce da kiɗa.
Can ya ce, "Yaya ma sunan yaron?"
Mutumin da ya haddace launin kogi shafi bakwai
bai riƙe sunan ba.
Ni ma haka.

Muka koma baya muna lalube har aka kira magariba.
Sau ɗaya tak aka ambace shi,
a shafi na arba'in da ɗaya,
tsakanin farashin kifi da wata igiya da ta tsinke:
Ɗanjuma.

Baffa ya laluba aljihu ya miƙo mini jan biron,
ya bushe, sai da na hura masa numfashi.
Na ja layi.

Har yanzu ban yafe wa littafin ba.
Yana kan firji, na kifa shi a fuskarsa.
Saura babi huɗu,
kuma tun azahar nake duba agogo.