Jan Biro a Kan Taswirar Zariya

A ofis aka shimfiɗa mini Zariya a kan tebur,
aka danne gefenta da kofin shayi da kwalbar tawada.
Injiniya Dalhatu ya ce, "Ga jan biro,
fitar wa masu ƙafa da masu keke tasu hanya."

Na ja layi daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada,
na tsallake Kubanni ban jiƙa ƙafar wando ba,
na ratsa Sabon Gari, na wuce Kwangila,
kafin shayin ya huce ina Samaru.
Takarda ba ta da rami, ba ta da tirela,
a kanta ko jinjiri ya iya tafiya.

Ran Asabar na je aron keke wurin Baba Ramalan,
mai facin nan na gindin rimi.
Ya goge baƙin mai a jikin riga,
ya karɓi takardata, ya juya ta sama da ƙasa.
"Yaro, layinka ya miƙe kamar sandar awo.
Wanda ya ja shi bai taɓa ɗauko buhun masara
a bayan keke da rana tsaka ba.
Je ka dawo." Ya bi ni da dariya.

Sau goma sha bakwai na sauka.
Na ƙirga.
Sau ɗaya don kwata ta ɓalle ta cinye gefen titi,
sau uku don ɗan acaɓa ya tsaya inda ransa ya so,
a kan gada wata tirela ta hura mini numfashi a ƙeya
har na karanto addu'ar da na sani da wadda ban sani ba.
Sauran ba na faɗa, saboda kunya.

Amma na ga abin da taswira ta ɓoye mini.
Bayan wata firamare akwai siririyar turba
da ƙafafun yara suka tsaga cikin ciyawa,
ba ɗan kwangila, ba allo, ba bikin buɗewa.
Ta kauce wa kududdufi,
ta raɓi katangar masallaci,
ta sha inuwar darbejiya,
ta ɓullo daidai inda Iya Lantana ke suyar ƙosai,
kaskonta zaune daram a kan jan layina.
"Shekara ashirin da biyu ina nan," in ji ta.
"In kun tashe ni, masu keken naku
su karya kumallo da me? Da kwalta?"
Ta ƙara mini biyu gyara, na tafi da su a leda.

Litinin na koma ofis da laka a ƙafar wando.
Jan biro ba ya goguwa,
sai na nemi sabuwar takarda, na fiƙe fensir.
Na lanƙwasa layin ya kewaye rimi,
ya bar wa kasko taku huɗu.
Na sa benci inda na ga tsohuwa ta sauke kaya tana haki,
fitila inda ɗaliban Kongo ke ɗaga ƙafa bayan isha.
Faɗin kuwa, keke biyu su gifta juna,
mai goyo na riƙe da hannun babban
ba sai ta faɗa ciyawa ta ba su hanya ba.

Injiniya ya ce, "Wannan ai hanjin akuya ne.
Ka ƙara kilomita ɗaya da rabi. Wa zai biya?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙafa ce ta zana,
ni kwafa kawai na yi."
Ya yi tsaki, ya sa hannu.
Fayil ya hau mota, ya tafi Kaduna.

Damina biyu ke nan.
Duk na gifta gindin rimi sai Baba ya ɗago kai:
"Ina hanyarmu?"
Na ce, "Tana tafe."
Ya ce, "To, a ƙafa take tahowa ke nan."
Ya sunkuya, ya ci gaba da ba tayar wata yarinya iska,
ya latsa da babban yatsa, ya ce ta yi.
Ta rataya jakar makaranta, ta hau,
ta dubi titi dama da hagu,
ta karkata kan keke, ta bi turbar cikin ciyawa.